Ba A Fafe Gora Ran Tafiya: Yadda Ake Ƙaurar Da Rumbun Bayanai

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi muku bayani a kan wani aiki wanda ba a cika jin labarinsa ba sai in ya ɓaci, watau ɗauke rumbun bayanai na kamfani ko na ma'aikata daga wani wuri zuwa wani. Watakila wani ya ce, "Mu da muka zo koyon aikin malanta, ina ruwanmu da wannan?" To, da ruwanmu ƙwarai. Albashin malamanmu, da sakamakon jarrabawarmu, da 'yan kuɗin da iyaye kan aiko mana ta banki, duk a irin wannan rumbu suke kwance. Ran da aka tashe shi ba bisa tsari ba, ran nan kowa zai ji a jikinsa.

Mene Ne Rumbun Bayanai?

Rumbun bayanai wani ɗaki ne, ko kuwa gida sukutum, inda ake jera manyan kwamfutoci waɗanda ake kira saba. Akan ɗora su bisa juna cikin kabad na ƙarfe, ko wane kabad tsawonsa ya ɗan ɗara tsayin mutum. A cikinsu akwai faifai masu riƙe da abin da a dā akawu kan rubuta cikin littattafai: sunayen ma'aikata, da lissafin kuɗi, da takardun shaida, da wasiƙu. Bambancinsu da littafi shi ne ba su barci. Dare da rana mutane na nesa suna tambayarsu ta intanet, su kuwa suna amsawa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A nan Minna, kan hanyar Bida, ga hedkwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO, wadda aka kafa a 1999, ta kuwa yi jarrabawarta ta farko ta gama sakandare a 2000. Ko wace shekara yara fiye da miliyan ɗaya ke rubuta wannan jarrabawa. Ku auna da kanku: wanda ya rubuta tasa shekara ashirin da suka wuce, in yau aka nemi tabbacin sakamakonsa, tilas a same shi kamar yadda yake, ba ragi ba ƙari. Wannan amana ita ake ɗauka in an ce za a ƙaurar da rumbu. Ƙarafan da ake lodawa a mota, su ne mafi sauƙin kayan.

Dalilan tashi kuwa sanannu ne. Wani lokaci wuri ya yi kaɗan, wani lokaci wa'adin haya ya cika, ko wuta da sanyin wurin ba su isa ba, ko kamfani biyu sun haɗu sun zama ɗaya. Yanzu kuma da yawa sukan rufe nasu ɗakin, su kama haya a rumbun wani babban kamfani.

Abin Da Tarihin Ƙasarmu Ya Koya Mana

Mu mutanen wannan jiha mun san ƙaura tun kafin a san kwamfuta. A 1902 Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar Jihar Arewa a Zungeru, nan kusa da mu. Ba a daɗe ba aka ga wurin bai dace ba, ga zafi ga sauro. Da hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano a 1911, sai aka zaɓi wani fili a bakin kogin Kaduna, inda akwai ruwa, ga kuma jirgi yana ratsawa. An soma aikin sabon gari a 1913, amma hedkwata ba ta koma can ba sai 1917, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo tsaiko. Hanyar jirgin da ta haɗa garuruwan nan biyu kuwa ta tasharmu ta Minna ta bi. Abin lura a nan shi ne, cikin shekarun nan huɗu mulki bai tsaya ko rana ɗaya ba. Ana karɓar haraji, ana biyan albashi, ana amsa waya daga Razdan-Razdan na larduna, alhali kuwa ana can ana gina sabon mazauni.

Haka kuma a 1976, da aka raba Jihar Arewa Maso Yamma aka fid da Jihar Neja, Minna ta zama babban birni. Ma'aikacin da ya baro Sakkwato ya zo nan, tilas fayil ɗinsa ya biyo shi, in ba haka ba wa zai san ran da aka ɗauke shi aiki, balle a lissafa masa fansho? A shekarar nan ce kuma aka yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa Abuja, amma shugaban ƙasa bai tare can ba sai ran 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikatu kashi-kashi suka riƙa komawa. Ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta nan Minna, wadda ta soma aiki a 1983 a gine-ginen tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Bosso. Bayan kimanin shekara ashirin ta soma komawa mazauninta na Gidan Kwano, ba ta kuwa rufe Bosso ran da ta buɗe can ba.

Duk labaran nan darasinsu ɗaya ne: shiri ya fi tafiya tsawo, kuma ba a sakin tsohon wuri sai sabon ya kafu. Bari yanzu mu bi aikin daki-daki.

Na Farko, Ƙidaya

Kafin a taɓa ko da waya ɗaya, sai an ƙidaya duk abin da ke cikin ɗakin an rubuta. Ko wace saba a sa mata lamba, a rubuta aikinta, da shekarunta, da sunan wanda ke kula da ita. Ko wace waya a liƙa mata alama a bakinta biyu, a kuma ɗauki hoton bayan kabad yadda wayoyin suka shiga.

Amma ƙidayar ƙarfe ba ita ce mai wuya ba. Mai wuyar ita ce gano wace na'ura ta dogara da wace. Wadda ke lissafin albashi tana ɗebo sunaye daga wata, ita kuma waccan ba ta buɗe wa kowa sai wata ta uku ta shaida shi. In ka ɗauke ta ukun ran Juma'a ka bar biyun, to, duk ukun sun tsaya. A tsofaffin ma'aikatu sau da yawa akan tarar da wata 'yar na'ura a lungu, wanda ya kafa ta ya daɗe da barin aiki, ba wanda ya san amfaninta sai ran da aka kashe ta. Sabo da haka akan zauna da shugaban ko wane sashe a tambaye shi abu biyu. Sa'a nawa aikinka zai iya tsayawa ba tare da ɓarna ba? In kuma abu ya lalace, aikin sa'a nawa za ka iya sake yi da hannu? Amsoshin nan su ke nuna abin da za a fara ɗauka da abin da za a bari ƙarshe. Ƙidaya kuma takan nuna abin da bai cancanci a ɗauka ba sam. Mai tashi daga gida ba ya biyan kuɗin mota don fasasshiyar randa.

Na Biyu, Duba Sabon Wuri

Abu huɗu ake dubawa: wuta, da sanyi, da hanyar sadarwa, da tsaro.

Wuta ita ce ran rumbu. Jiharmu ana mata kirari da jihar lantarki, ga madatsar Kainji tun 1968, ga ta Shiroro tun 1990, ga sabuwa ta Zungeru da aka gama a 2023. Duk da haka ko wane ɗayanmu ya san ɗaukewar wuta. Don haka rumbun kirki yana bukatar janareto, da wani janareton na ko-ta-kwana, da tankin mai, da manyan batura masu riƙe wuta cikin 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin ɗaukewarta da tashin janareto. Ba a yarda da su don an gan su a girke. Sai an kashe wuta da gangan an ga yadda suka yi.

Sanyi kuma tilas ne, don duk wutar da saba ta sha zafi take komawa. Masana wannan aiki sun ba da shawarar a riƙe iskar da ke shiga na'urorin tsakanin digiri 18 da 27. Mu kuwa a nan, cikin watan Maris, zafi yakan haura digiri 35. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ba a jimawa sabobin za su soma kashe kansu. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe ƙofofin iska, ga ruwan damina mai neman ɓarakar rufi. Rumbu ba a yinsa a kwari inda ruwa ke kwanciya.

Hanyar sadarwa ita ma a sami biyu, daga kamfani biyu, kada kuma su biyo rami ɗaya, don kada magini ɗaya da digarsa ya datse su tare. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ma'aikatu a Nijeriya suka sha wahala. Waɗanda ke da wata hanyar dabam su ne suka fi saurin farfaɗowa.

Tsaro kuwa shi ne a san mai shiga da mai fita, a kuma sa abin kashe gobara wanda ba ruwa yake fesawa a kan na'urori ba.

Na Uku, Kwafi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Ba a ɗaga abin da ba shi da kwafi. Ƙa'idar da masu aikin ke bi mai sauƙin riƙewa ce: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani gari ko wata unguwa mai nisa.

Ku ji abin da rashin haka ya jawo. A watan Yuli na 1973 gobara ta tashi a gidan ajiyar takardun sojan Amurka a birnin St. Louis, ta cinye fayil wajen miliyan 16 zuwa 18, ba kuwa kwafinsu ko ina. Tsofaffin sojoji da yawa suka sha wuyar tabbatar da aikin da suka yi. A watan Maris na 2021 kuma wani rumbun kamfanin OVHcloud ya ƙone a birnin Strasbourg na Faransa. Waɗansu masu haya a wurin suna da kwafi, amma a harabar nan guda aka ajiye shi, sai wuta ta haɗa uwa da 'ya ta cinye.

Yin kwafi kaɗai bai isa ba, sai an gwada mayar da shi. A ɗauko kwafin, a zuba shi a wata na'ura, a buɗe a gani ko yana karantuwa. Akwai kuma wani lissafi da kwamfuta kan yi wa ko wane fayil, ta fid da wata lamba tamkar hatimi. In lambar asali da ta kwafi suka zo ɗaya, to, ko harafi bai canja ba. Ku malamai kun san irin wannan. Shi ne abin da mukan yi in mun tara makin aji a tsaye, muka kuma tara a kwance, mu ga ko jimla ta yi daidai.

Na Huɗu, Zaɓen Hanya Da Lokaci

Hanya uku ce. Ta ɗaya, a kashe kome dare ɗaya, a loda a mota, a kai, a kunna. Ita ce mai araha, ita ce kuma mai hatsari, don in abu ya ƙi ba wurin komawa. Ta biyu, a riƙa ɗauka kashi-kashi, mako bayan mako, a fara da abin da tsayawarsa ba ta cutar da kowa, a koyi darasi a kansa. Ta uku, a sayi sababbin na'urori a girke can, a tura musu bayanai ta waya alhali tsofaffin suna aiki, sa'an nan ran da aka shirya a juya jama'a zuwa sabon wuri. Ita ce mai tsada, ita ce kuma mai kwanciyar hankali. Galibi akan gauraya ta biyu da ta uku.

Ga wani ɗan lissafi da za ku iya ba 'yan ajinku. A ce bayanan kamfani sun kai terabait 10, layin da ke tsakanin wuraren biyu kuwa yana ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa. Terabait 10 daidai yake da megabit miliyan 80. In ka raba da 100 ka sami daƙiƙa 800,000, watau kwana 9 da 'yan sa'o'i, in layin bai tsinke ba kuma ba mai amfani da shi. Mota kuwa, in ta ɗauki faifan nan daga Minna da safe, kafin azahar ta kai Abuja. Sabo da haka wani lokaci akan kai babban kaso a mota, a bar wa waya abin da ya ƙaru daga baya. Wanda bai yi lissafin nan tun da wuri ba, zai yi wa mutane alkawarin kwana biyu, ya shafe mako biyu.

Lokaci kuma a zaɓe shi da hankali. Banki ba ya tashi a ƙarshen wata lokacin albashi, ko jajiberin salla. Hukumar jarrabawa ba ta tashi makon da za ta fid da sakamako. Kwaleji ba ta tashi lokacin rajistar sababbin ɗalibai. A nan ƙasarmu kuma a guji tsakiyar damina, Agusta da Satumba, lokacin da ruwa kan sauko ba sallama. Mako biyu ko uku kafin ranar, akan hana kowa yin wani gyara ko ƙari a na'urorin, don abin da aka ƙidaya ya zama shi aka ɗauka.

Na Biyar, Gwaji Da Hanyar Komowa

Kamar yadda ɗalibin malanta ke koyarwar gwaji kafin a ba shi aji, haka ake gwada ƙaura kafin ranarta. A rubuta ko wane mataki, da sunan mai yinsa, da mintocin da zai ci, sa'an nan a bi takardar nan daga farko zuwa ƙarshe da agogo a hannu. A kuma gwada sabon wuri da nauyin jama'a irin na ranar da aiki ya fi yawa.

Labarin bankin TSB na Ingila ya isa gargaɗi. A watan Afrilu na 2018 ya juya asusun mutane fiye da miliyan biyar zuwa sabon tsari cikin hutun ƙarshen mako guda. Da gari ya waye kusan mutum miliyan biyu suka kasa kaiwa ga kuɗinsu, rikicin kuwa ya ɗauki makonni. Masu bincike suka gano cewa sababbin rumbunan biyu ba a daidaita su iri ɗaya ba, gwajin nauyi kuma a ɗaya kaɗai aka yi. Shugaban bankin ya bar aiki a watan Satumba na shekarar, a Disamba na 2022 kuma hukuma ta ci bankin tarar fam miliyan 48 da ɗoriya.

Don haka tun kafin a soma akan yanka sa'ar yanke hukunci. A ce, alal misali, "In ƙarfe huɗu na asubahin Lahadi ya yi abu kaza bai tashi ba, za mu koma tsohon wuri." A rubuta wannan, shugabanni su sa hannu tun ido yana buɗe. Mutumin da ya kwana biyu bai yi barci ba kullum gani yake saura kaɗan, shi ya sa ba a bar masa wannan shawara.

Na Shida, Ranar Tashi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma masu ɗaukar jinka murya ɗaya suke bi. A naɗa jagora guda wanda shi kaɗai ke cewa a ci gaba ko a tsaya. A sanar da jama'a tun da wuri cewa daga sa'a kaza zuwa sa'a kaza aiki zai tsaya, don mutum ya fi haƙuri da abin da aka gaya masa.

Akan kashe na'urori bi da bi, a kuma kunna su can ta bin jerin a juye: hanyar sadarwa tukuna, sa'an nan ma'ajin bayanai, sa'an nan masu amsa wa jama'a. Faifai ba su son jijjiga, don haka a naɗe su da soso, direba kuwa ya bi ramukan hanya a hankali. Kada a sa asali da kwafinsa a mota ɗaya. A ƙirga kaya wajen lodi, a ƙirga wajen saukewa, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu. A tanadi kayan canji a kusa, don tsohuwar na'urar da ta shekara biyar ba a kashe ta ba, wani lokaci in ta huce ba ta sake tashi. Mai cewa aiki ya yi kyau kuwa shi ne akawun da ke amfani da abin kullum. Shi za a kira ya buɗe, ya duba, ya shaida.

Na Bakwai, Rufe Tsohon Wuri

Ba a gaggawar wannan. A bar tsohon wuri a shirye har sabon ya ga ƙarshen wata ɗaya ko biyu lafiya, kada a saki reshe a kama ganye. In lokaci ya yi, faifan da za a zubar sai an share su sharewar da ba ta komowa, ko a farfasa su. Sunayen mutane da asirinsu ne a ciki, tun 2023 kuma Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a wadda ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. Abin da ya tsufa amma yana da daraja kuwa a kai shi ma'adana. Albarkacin masu irin wannan hali ne har yau mai bincike ke zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, ya karanta fayilolin tsohon ofishin lardi na Minna.

Abin Da Ya Shafe Mu

Kaɗan ne daga cikinmu za su riƙe rumbu irin na banki. Amma kusan ko wannenmu wata rana zai zama hedimasta ko mai kula da jarrabawa. Rajistar shiga makaranta, da littafin kiran suna, da takardun sakamako, da 'yar kwamfutar ofis, su ne rumbun bayanan makaranta. Na san wata makarantar firamare da aka mayar sabon gini, aka kwashe benci da allo da kyau, aka bar tsofaffin rajistoci a sito har gara ta gama da su. Bayan shekaru wani tsohon ɗalibinta ya zo neman shaidar shekarar da ya shiga don neman aiki, aka rasa abin da za a duba a ba shi.

Sabo da haka, ran da aka ce ku tashi makaranta, ko ku sake ofis, ko ku juya sakamakon yara daga littafi zuwa kwamfuta, ku tuna da matakan nan. Ku ƙidaya, ku yi kwafi ku ajiye nesa, ku gwada, ku zaɓi lokacin hutu, ku riƙe tsohon littafi har sai kun tabbata sabon ya yi daidai da shi. Ba a fafe gora ran tafiya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu, amin.